Ihu Bayan Hari: Nazarin Lamarin Wani Mai Sankarar Maƙoshi

Shekararsa 54 lokacin da aka turo shi. Abin da ya kawo shi ƙullutu ne a gefen dama na wuya, ƙasan muƙamuƙi kaɗan, wanda ya ce ya fara ji a ƙarƙashin yatsa wata huɗu da suka wuce yana aske gemu. Ba ya masa ciwo. Ba zazzaɓi, ba rama, murya garau, haɗiya lafiya lau. Ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye biyu kafin ya zo, an kuma gwada shi tarin fuka ba a sami komai ba. Ba ya shan giya. Sigari kam ya sha, kwali guda a rana har kimanin shekara 15, amma ya daina shekara takwas ke nan.

Ni aikina a ɗakin gwaji yake. Ana kawo mini ɗan abin da aka ɗebo daga jikin mutum, in shimfiɗa a gilashi, in duba a madubin likita, in rubuta abin da na gani. Ta haka na fara sanin wannan bawan Allah. An soka siririyar allura a ƙullutun, aka zuƙo ruwa rawaya-rawaya kamar cikin cokali biyu, kumburin ya saɓe. Na duba ruwan na ga tarkace da matattun ƙwayoyin halitta da wasu 'yan tsiraru da ba su tayar mini da hankali ba. Na rubuta cewa ya yi kama da jakar ruwa irin wadda ake haihuwar wasu da ita a wuya, kuma ban ga sankara ba. Abin da ke kan gilashin ke nan, amma rahoton ya gaza, kuma gazawar tawa ce. Irin wannan jakar ruwa a yara da matasa ta saba bayyana. Idan ta fito wa wanda ya haura 40, ƙa'ida ita ce a ɗauke ta a matsayin kaluluwar da sankara ta shiga har sai an tabbatar ba haka ba ne. Ya kamata in rubuta wannan ɓaro-ɓaro a ƙasan rahoton, ban rubuta ba. Aka sallame shi hankali kwance, ya yi mako bakwai a gida, ƙullutun ya sake cika.

Da ya dawo aka yi masa hoton CT. Kaluluwa biyu ce ta kumbura a ɓangaren dama: babba mai santimita 4, cikinta ruwa, bangonta da kauri, sai ƙarama a ƙasanta. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanci, ya leƙa tushen harshe da akwatin murya, bai ga gyambo ko tsiro ba. Sai da aka yi masa allurar barci aka sa yatsa aka latsa, sannan aka ji tonsil ɗin dama, ɗaya daga curin naman nan biyu da ke gefen maƙoshi, ya fi na hagu tauri. Aka cire shi aka kawo mini.

Daga waje ba a ganin komai. Da na tsaga sai ga farin tsiro mai tauri, santimita 1.8, a can ƙasan ramukan tonsil. Waɗannan ramukan su ne ke bayyana yadda ƙari ƙarami haka zai haifi kaluluwar da ta ninka shi girma. Shimfiɗar da ta lulluɓe su kamar raga take, da kafofin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke leƙowa suna tantance abin da ya shigo ta baki. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan bangon da tsagarsa aka halicce shi. Ta nan ƙwayar cuta ke kaiwa ga ƙwayoyin da ke ƙasa, ta nan kuma ƙari ke silalewa zuwa kaluluwa tun yana ɗan mitsitsi.

A madubi, sankara ce ta shimfiɗar da ke lulluɓe baki da maƙoshi, irin wadda ta kai fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar kai da wuya. Sai dai kamanninta ba irin na masu shan taba da na saba gani ba ne. Waccan takan yi ƙoƙarin kwaikwayon fata, tana naɗa curi-curin ruwan hoda kamar albasar da aka yanka. Wannan kuwa dunƙule-dunƙule ne na ƙwayoyi shuɗi-shuɗi a cushe, da yawansu a tsakiyar rabuwa. Na sa a yi mata rinin p16, rinin da ke nuna inda wani furotin mai suna p16 ya taru a nama. Washegari da aka miƙo mini gilashin, tun ban ɗora shi a madubi ba na ɗaga shi ga hasken taga na ga amsar: tabo ruwan ƙasa mai duhu, daidai girman ƙarin, naman da ke kewaye kuwa fari tas. Ƙa'idar da ake bi ita ce rinin ya kama aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin, cibiya da jiki, kamu mai ƙarfi. Nasa kusan babu ƙwayar da ta tsira.

Tambayar da ya yi

Mutum ne mai son sanin dalili. Da likitansa ya gaya masa an sami p16 da yawa kuma wannan labari ne mai daɗi, sai ya koma gida ya karanta, ya dawo ya ce yana son ganin wanda ya duba naman. Aka kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Likita, na ga an ce wannan abin aikinsa hana ciwon ne. To me ya sa ya cika a cikin ciwon?"

Ɗalibai da yawa sun wuce ta wurina ba su yi wannan tambayar ba, alhali ita ce gaba ɗayan lamarin.

Jiki yana da wasu furotin da aikinsu taka wa ƙwayar halitta birki, kada ta rabu sai da izini. Uku daga ciki su suka shafi mutumin nan: Rb da p16 da p53. Ƙwaya ba ta rabuwa sai ta kwafe DNA ɗinta tukuna, kuma kafin ta shiga kwafin akwai ƙofa. Rb shi ne ƙyauren. Yana riƙe da wasu furotin da ake kira E2F, waɗanda da zarar an sake su sai su tada duk kayan aikin kwafi. Idan jiki na buƙatar sababbin ƙwayoyi, misali don rufe rauni, sai saikilin D1 ya haɗa kai da CDK4 ko CDK6, su liƙa wa Rb sinadarin fosfet, ya saki E2F, ƙofa ta buɗe. Su ne masu mabuɗi. Shi kuwa p16, wanda Manuel Serrano da Gregory Hannon da David Beach suka gano a 1993, aikinsa riƙe hannun masu mabuɗin. Ba ya tare ƙofa da kansa. Duk ƙarfinsa ta hannun Rb yake bi.

Na ce masa, "Malam, ka ɗauka wani ya zo ya tumɓuke ƙyauren ɗungurungum ya tafi da shi. Gida ya ga ƙofa a wangale, sai ya yi ta turo masu riƙe hannun mai mabuɗi, goma, ɗari, dubu. Duk sun taru, duk suna aikinsu, amma ba ƙyauren da za a kulle." Abin da rinin ruwan ƙasan nan ke nunawa ke nan. Rb mai lafiya yana danne samar da p16. Idan aka kawar da shi, sai p16 ya yi ambaliya. Ihu ne bayan hari. Amfaninsa gare mu shi ne yana gaya mana an kai harin, kuma a tonsil da tushen harshe kusan kullum mun san maharin.

Bairos ne da ake kira HPV, musamman mai lamba 16, wanda ɗakin binciken Harald zur Hausen a Jamus ya gano a 1983 a sankarar bakin mahaifa, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 2008. Ɗan ƙaramin abu ne, harufan DNA ɗinsa kusan 8,000 kacal, ba shi da kayan kwafi nasa na kansa. Dole ya tilasta wa ƙwayar da ya shiga ta buɗe masana'antarta ko da lokacin rabuwarta ya wuce. Da furotin biyu yake yin wannan. E7 yana cafke Rb ya sa a narkar da shi. Nicholas Dyson da Ed Harlow da Peter Howley da Karl Münger suka nuna wannan cafkar a 1989. To amma ƙwayar da ƙofarta ta buɗe ba bisa ƙa'ida ba tana da mataki na gaba, shi ne ta kashe kanta, kuma mai ba da wannan hukuncin shi ne p53. Shi ya sa bairos ɗin ya zo da E6.

Labarin p53 ya cancanci a tsaya a kansa. A 1979 aka gano shi, David Lane da Lionel Crawford a Landan, Arnold Levine da Daniel Linzer a Amurka, duka sun same shi ne maƙale da furotin na wani bairos mai haddasa ƙari a dabbobin gwaji. Saboda yana taruwa a ƙwayoyin sankara, aka shekara goma ana zaton shi ke hura wutar ciwon. Sai a 1989, da aikin ɗakin binciken Bert Vogelstein da wasu, aka gane cewa lalatacce ne ake ta gani, lafiyayyen kuwa mai kashe wutar ne. Wato kuskuren da mara lafiyarmu ya kusa yi game da p16, masana sun riga shi yi game da p53: ganin mai gadi a wurin ɓarna ba ya nuna shi ya yi ta.

Yadda yake aiki abin mamaki ne. Kowace ƙwaya tana ƙera p53 ba dare ba rana, wani furotin mai suna MDM2 kuma yana bin sa yana tura shi bola, ta yadda cikin kamar minti ashirin rabinsa ya tafi. Kamar ɓarnar ƙarfi, amma shi ne sirrin saurinsa. Da zarar DNA ya ji rauni sai a dakatar da zubarwar, nan take p53 ya taru. Ya kunna p21 ya tsayar da rabuwa, a yi gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ya kunna furotin irin su PUMA da BAX, ƙwayar ta rushe kanta salin-alin. Abin da E6 ke yi, kamar yadda Martin Scheffner da abokan aikinsa suka nuna a 1990, shi ne ya mayar da zubarwar ta dindindin. Ba da hannunsa yake yi ba. Yana kamo wani furotin na ƙwayar kanta, E6AP, ya haɗa shi da p53, shi kuma ya liƙa masa alamar shara. Da ɗan gari akan ci gari.

Bairos ɗin ba ƙari yake nema ba, wurin hayayyafa yake nema, kuma a yawancin mutane garkuwar jiki takan share shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A 'yan ƙalilan ne yake maƙalewa shekaru, E6 da E7 su ci gaba da aiki, kurakurai su yi ta taruwa a ƙwayar da ba ta da mai tsawata mata.

Wannan hanya ɗaya ke nan. Akwai tsohuwar hanya, wadda ita ce ta mafi yawan mutum kusan 890,000 da aka ƙiyasta sun kamu da sankarar kai da wuya a duniya a 2018, kusan 450,000 kuma suka rasu. Ita ce hanyar taba da giya, da ganyen betel da ake taunawa a kudancin Asiya. A nan ba a cafke furotin, rubutun da ake ƙera shi da shi ake yagewa. Kowane furotin yana da shafinsa a DNA, kuma kowane shafi kwafi biyu muke da shi, na uwa da na uba. Alfred Knudson ya gano ma'anar wannan a 1971 daga nazarin mutum 48 masu sankarar ido ta ƙuruciya: sai an lalata kwafin biyu kafin birki ya tsinke. Shi ya sa hayaƙi ke buƙatar shekaru. Sinadaransa suna liƙewa a DNA, giya tana rikiɗewa a jiki ta zama asitaldehaid ta ƙara nata, yau a ɓata harafi nan, baɗi a yanke wani yanki can. Yawanci shafin p16 da ke kan kuromosom (ƙunshin DNA) na 9 ke fara tafiya, tun naman bai nuna komai ga ido ba, daga baya na p53 a kan kuromosom na 17 ya biyo. Shi p53 ma wani lokaci bai jira an taɓa kwafi na biyu ba, domin huɗu-huɗu yake aiki, kuma lalatacce guda a cikin huɗun yakan gurgunta sauran. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Babban aikin karanta DNA na irin waɗannan ƙari da aka wallafa a 2015 ya nuna tazarar hanyoyin biyu. Cikin ƙari 279, a waɗanda ba su da HPV an sami shafin p53 a lalace a kashi 84 cikin 100, na p16 kuma a fiye da rabi. A cikin 36 masu HPV kuwa, guda ɗaya tak ke da lalataccen p53. Bairos ba ya buƙatar yaga shafi, tunda duk abin da aka ƙera yana jiransa a bakin ƙofa.

Nan ne labari mai daɗin ya fito. A ƙarin mai shan taba, mai gadi ya mutu. A ƙarin HPV, ɗaure shi aka yi. Tun a 2000 Edward Goodwin da Daniel DiMaio suka nuna a ɗakin gwaji cewa idan aka toshe E6 da E7 a ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da suka shekara kusan hamsin suna rabuwa a kwano, p53 da Rb sukan farfaɗo, rabuwar ta tsaya. Gashi, wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi daga na'ura, da maganin sankara suna aiki ne ta raunata DNA, kuma ƙwayar da ke da sauran lafiyayyen p53, komai ƙanƙantarsa, ta fi saurin amsa wannan raunin da mutuwa. Akwai ƙari a kan haka: ƙwayoyin ƙarin HPV ba su iya ɗinke DNA da ya karye sosai ba, garkuwar jiki kuma tana ganin E6 da E7 a matsayin baƙi.

Kafin mu tashi na gaya masa batun rahotona na farko, da makonni bakwai ɗin da ya jawo. Ya yi shiru, ya tambaya ko jinkirin ya sauya matakin ciwon. Na ce bisa abin da hoton ya nuna bai fitar da shi daga matakin da yake ba, amma hakan sa'a ce, ba hujja ba. Ya ce ya ji. Uwargidansa da ke gefe tambayarta daban ce, kuma sai da ta daɗe tana juya ta kafin ta fito: daga ina ya samo? Likitansa ya amsa, kuma amsar gaskiya ce. Ta saduwa ake ɗaukar HPV, mafi yawan manya sun taɓa ɗauka ba su sani ba, kuma tsakanin ɗauka da fitowar ƙari akan yi shekaru da dama, har gomiya biyu ko uku. Ƙarin ba ya faɗin yaushe, ba ya faɗin wa. Binciken da aka yi a kan matan masu wannan ciwo bai nuna sun fi sauran mata ɗauke da bairos ɗin a baki ba. Aka shawarce ta ta ci gaba da gwajin bakin mahaifa kamar kowace mace, 'ya'yansu kuma a yi musu rigakafin HPV, wanda ake da shi tun 2006, yana hana kamuwa amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

A taron likitoci

Da a tsohon tsarin ƙididdige matakai ne, ƙari mai santimita 1.8 da kaluluwa biyu a ɓangare ɗaya mataki na huɗu ne. Tsarin da ya fara aiki a 2018 ya ware wa sankarar maƙoshi mai p16 teburinta daban, kuma a can mutuminmu a mataki na ɗaya yake. Ƙari ɗaya, wuya ɗaya, tabon rini ne kawai ya ɗauke shi daga huɗu zuwa ɗaya. Dalilin sauyin shi ne alƙaluma irin na binciken da Kian Ang da Maura Gillison da abokansu suka wallafa a 2010: bayan shekara uku, kashi 82 cikin 100 na masu HPV suna raye, waɗanda ba su da shi kuwa kashi 57.

Wani matashin likita ya kawo shawarar da kowa ke ji a ransa: tunda mataki na ɗaya ne, kuma mutumin zai iya ƙara shekara talatin a duniya da duk tabon da magani zai bar masa, me zai hana a sassauta? Niyyar mai kyau ce. Na ƙi goyon baya saboda abu uku, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba.

Na farko daga ɓangarena yake. Rinin p16 inuwar bairos ce, ba shi kansa ba. Duk abin da ya kawar da Rb zai sa p16 ya yi ambaliya, ko da HPV bai taɓa zuwa wurin ba. Kusan ɗaya cikin goma na ƙarin maƙoshi masu p16 ba su da bairos ɗin, kuma waɗannan ba sa samun sauƙin da masu shi ke samu. Ga mai tarihin sigari, ban yarda a tsaya ga inuwa ba. Muka nemi bairos ɗin kansa a cikin naman, aka same shi, mai lamba 16. Wannan damuwar ta kau.

Na biyu sigarin ne. Binciken 2010 ɗin nan bai tsaya ga raba mutane gida biyu ba, uku ya raba su. Masu HPV da ba su sha taba sosai ba, kashi 93 suka kai shekara uku. Masu HPV da suka sha fiye da kwali guda a rana na shekara goma kuma ciwon ya kama kaluluwa fiye da ɗaya, kashi 71. Can ƙasa, kashi 46, dukansu marasa HPV ne. Mutuminmu a gidan tsakiya ya faɗa. Tsarin matakai na 2018 ba ya tambayar sigari, amma naman wuyansa bai manta ba.

Na uku, an riga an gwada sassautawar. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2019, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Turai, sun maye gurbin sisfilatin, tsohon magani mai wahalarwa, da setuksimab da ake ganin ya fi sauƙi. A na Turai, bayan shekara biyu kashi 97.5 na masu sisfilatin suna raye, masu sabon maganin kashi 89.4, kuma wahalar ba ta ragu ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙari mai saurin amsa magani yana amsawa ne saboda an ba shi maganin da ya isa.

Wani ya tambaya ko ba maganin da zai gyara birkin kai tsaye. Akwai magunguna irin su falbosikilib da ke yin aikin p16, suna riƙe hannun CDK4 da CDK6, kuma sun yi amfani a wani nau'in sankarar mama. Ga mutumin nan ba su da wurin kamawa: jikinsa ya riga ya cika ƙarin da p16 na gaske bai tsinana komai ba, domin ba ƙyaure. Mayar da p53 kuma buri ne da aka daɗe ana bi. Ƙasar Sin ta amince da wani magani mai ɗauke da shafin p53 a cikin bairos tun 2003, amma bai zama abin da duniya ta dogara da shi ba. Toshe abin da ya yi yawa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan dawo da abin da ya ɓace, shi ya sa har yau sanin waɗannan furotin ya fi taimaka mana wajen gane ciwo da hasashen tafiyarsa fiye da wajen kashe shi.

Aka tsaya a kan cikakken magani: gashi sau 35 cikin mako bakwai, jimillar gire 70 (gire ma'aunin ƙarfin gashi ne), tare da sisfilatin duk bayan mako uku. Daga mako na uku bakinsa ya saluɓe, ɗanɗano ya ɗauke, yawu ya zama kamar danƙo. Ya karɓi sisfilatin sau biyu, aka fasa na uku saboda kunnensa ya fara ƙara kuma gwajin ƙoda ya motsa. Ya rame ƙwarai amma bai tsallake gashi ko na rana ɗaya ba, wanda ke da muhimmanci, domin duk ranar da aka ɗaga ƙafa ƙari na samun damar farfaɗowa. Mako 12 bayan gamawa aka yi masa hoton PET, mai nuna inda ƙwayoyin sankara ke aiki, ba a ga sauran komai ba, a tonsil ko a wuya.

Wata goma sha huɗu bayan haka wani gilashi mai sunansa ya sake zuwa teburina. A duba na yau da kullum likitansa ya ɗaga masa harshe ya ga wani farin tabo a gefen hagu, bai kai girman farce ba, ba ya gogewa. Hagu, nesa da inda ƙarin farko yake.

Ba sankara ba ce tukuna. Ƙwayoyin shimfiɗar sun fara rikicewa a rabin ƙasa, amma ba su keta zuwa naman ciki ba. Na sa rini biyu. Na p16 ya fito fari fat. Na p53 kuwa ya kama cibiyoyin ƙwayoyin ƙasa a jere, baƙi-baƙi, ba tsallake, ya tsaya cak a inda lafiyayyen nama ya fara, kamar an ja layi da alƙalami. Lafiyayyen p53 ba ya zama haka, jefi-jefi ake ganinsa domin MDM2 na kwashe shi. Mai taruwa haka yawanci lalatacce ne, wanda ya kasa kunna MDM2 ɗin da zai kwashe shi, irin wanda ya ruɗi masana shekara goma. Wannan tabon ba aikin bairos ba ne. Kwalayen shekara 15 ɗin nan ne suka aiko da saƙo, shekara tara da 'yan kai bayan kara na ƙarshe.

Danely Slaughter ya bayyana wannan tun a 1953, da ya duba naman mutum 783 masu sankarar baki ya ga ɓarnar ba ta tsaya a bakin ƙari ba, ta bazu a shimfiɗar da ido ke gani lafiya. Hayaƙi ba ya zaɓen wuri, duk inda ya bi sai ya bar fili na ƙwayoyin da suka rasa kwafi ɗaya ko biyu suna jiran na gaba. A 1995 Joseph Brennan da David Sidransky da abokansu suka bi gefen naman da aka yanke wa mutum 25, wanda madubi ya ce tsaf yake, suna neman lalataccen p53 irin na ƙarin. Sun same shi a 13, kuma biyar daga cikinsu ciwon ya dawo musu a wurin. Cikin 12 da ba a samu ba, babu ko ɗaya. Daina shan taba yana rage haɗarin sosai, kuma da mutuminmu bai daina ba da wataƙila ba tabo za a tarar ba. Amma harafin da aka riga aka ɓata ba ya komawa.

An yanke tabon da ɗan faɗi a kewaye, abin minti ashirin. A rahoton na rubuta cewa gefunan sun fita tsaf a madubi kuma rinin p53 bai kai bakin yanka ba. A ƙasa na ƙara layi biyu: wannan sauyin daban yake da ƙarin tonsil, alamunsa na hanyar taba ne, don haka a riƙa duba bakin gaba ɗaya, ƙarƙashin harshe da dasashi da ganɗa da akwatin murya, kada a tsaya ga ɓangaren da aka gasa, kuma kada a sallame shi bayan shekara biyar. Yanzu duk wata uku yake zuwa, da gorar ruwa a hannu saboda bushewar baki, kunnen dama kuma bai daina ƙarar ba.